Usur Ɗin Saja Dodo

Rikoto, Zuru,
14 ga Agusta, 2006.

Zuwa ga ɗana Aaron,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya. Yaya Kaduna, yaya aiki, yaya ruwa? Mu nan damina ta yi kyau, dawa ta wuce ƙugu a gonar bayan dutse. Jikina da sauƙi, sai gwiwa da hawan jinin da ka sani.

Wasiƙarka ta iso ta hannun Mika direba. Ka tambaya me ya sa ba na zuwa wurin masu waya mu yi magana. Maganar waya da an kashe ta wuce. Abin da zan gaya maka ina so ka riƙe shi a hannu, ka karanta sau biyu.

Ranar Asabar na je Kanya wurin Baba Ɗanjuma, mahaifin Rachel, kan maganar aurenku, kamar yadda ka roƙe ni. Ya karɓe ni da mutunci, domin tare suka yi soja da mahaifinka. Ya tambayi aikinka. Na ce kana wani otal kana koya wa manyan mutane motsa jiki. Sai ya tambaye ni ko nufina mutum yakan biya ka don ka sa shi zufa. Na ce haka ne. Ya ce shi shekara bakwai ya yi yana golmo, shi da abokansa suna noma gonar surukinsa, kafin a ba shi uwar Rachel. Ya san zamani ya canja, ba zai nemi shekara bakwai a wurinka ba. Abu biyu yake so kafin Kirsimeti. Na farko, ka nuna masa aikin da zai ciyar da gida rani da damina. Na biyu, ka yi masa golmo na yini ɗaya ranar yankan dawa, kai da mutanenka. In ba haka ba, a rufe maganar. Rachel ta jira ka shekara uku tana koyarwa a firamaren Kanya, amma ka san ba za ta taka maganar ubanta ba, ni ma ba zan so surukar da za ta taka ba.

Ban yi masa gardama ba, Aaron, domin tambayar da ya yi ita ce nake yi tun da ka tafi. Kai da kanka ka rubuta cewa in an yi ruwa manyan mutanen nan ba su zuwa, in sun yi tafiya ba su zuwa, in azumi ya kama sai ka zauna kana kallon ƙarafan motsa jiki. Ranar da ba wanda ya zo, ba ka da komai. Da wannan za ka riƙe ɗiyar mutane?

Sai maganar shayin rage tumbi da wani ya ce ka riƙa sayar wa mutanenka. Ka taɓa shan sa? Ka san abin da ke ciki? Ka ce da alama gudawa kawai yake sa mutum. Waɗannan mutane amanar jikinsu suka ba ka. In ka sayar musu da abin da ba za ka ba ni in sha ba, kada abin da ka samu ya shigo gidana, ko gishiri ka saya da shi.

Ka sake roƙon usur ɗin mahaifinka. Amsata ba ta canja ba. Shekara ashirin da biyu ya yi a wuyan Saja Dodo yana horar da kurata. Na san sau uku ka je ɗaukar soja aka mayar da kai saboda tafin ƙafarka, kuma ba laifinka ba ne. Amma ba zan ba da usur ɗin nan a je ana hura wa masu tumbi a otal ba. Takardarka ta koyarwa tana cikin akwatina. In ka gaji, ka dawo gida ka nemi makaranta.

Ka gaida mai gidan da kake haya. Kada ka bar zuwa sujada.

Ni ce mahaifiyarka,
Saloma Dodo.


Rikoto, Zuru,
20 ga Satumba, 2006.

Ɗana Aaron,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mun fara cin sabuwar masara. Akuyar nan baƙa ta haifi biyu.

Na ji ka mayar wa mai shayi kayansa. Ba zan yaba maka ba, abin da ya kamata ka yi ke nan tun farko. Amma na gode wa Allah.

Ka jera mini wasu hanyoyin da kake so ka gwada, ka ce in faɗi ra'ayina. To, ga shi. Tara mutane da yawa a filin makaranta ranar Asabar, kowa ya ba da ɗan abin da zai iya, wannan ban ga aibinsa ba. Ya ma fi mini zaman jiran mutum ɗaya. Sai dai kada ya taɓa ranar Lahadi. Igiyar tsalle da kake so ka riƙa sayarwa, ka sayi mai ƙwari, kada ta tsinke a hannun mutum ya zagi iyayenka. Takardar tsarin abinci kuwa ta ba ni dariya, kai da ko tuwo ba ka iya tuƙawa. In dole sai ka rubuta, kada ka cika ta da abincin da sai an je kantin Turawa. Ka rubuta wake da acca da zogale da tuwon dawa, ka ce su rage mai da gishiri. Kakarka da waɗannan ta kai shekara casa'in tana hawan dutse.

Hoton tallan da ka aiko ban nuna wa kowa ba. Singileti da gajeren wando, ƙirji a waje kamar ɗan kokawar bikin Uhola. Kai malami ne. Ka sake ɗaukar wani da riga.

Kaset ɗin da ka ce ka ɗauka domin waɗanda ba su iya zuwa wurinka, na ga ka sa mini ɗaya saboda hawan jini. Ina da maganin asibiti, ina da gona. Na jefa shi cikin kwandon kaset-kaset na majami'a. Ko suna ba ka rubuta a kansa ba, halinka ke nan tun kana firamare.

Abin da ya fi damuna shi ne golmo. Na bi gidajen sa'o'inka ɗaya bayan ɗaya. Solomon yana Darfur, Gabriel yana Laberiya, sauran suna bariki, ba mai samun hutu kafin sabuwar shekara. Na aika a tambayi Baba Ɗanjuma ko za a ɗauki 'yan ƙwadago. Ya ce golmo ba a sayen sa, waɗanda ke ƙaunar mutum su ke bin sa gona. Gonar nan kuwa ka san girmanta, mutum ɗaya ba zai yanke ya kwashe a yini ba. Ina addu'a. Kai ma ka yi.

Mahaifiyarka,
Saloma.


Rikoto, Zuru,
16 ga Oktoba, 2006.

Aaron,

Ina gaishe ka. Ina fata kana lafiya. Ni lafiyata ƙalau, sai dai ka jawo mini abin kunya da ban taɓa gani ba tun da na shiga zumuntar mata, kuma sai ka ji shi dalla-dalla.

Ranar Alhamis mai wa'azin da muka gayyata bai zo ba. Mama Hannah, shugabarmu, wadda ka san yayar Baba Ɗanjuma ce, ta ce in koma gida in ɗauko kaset ɗin wa'azin taron bara mu saurara. Shi ma fari ne ba rubutu. Na ɗauko da sauri, na sa a rakoda, na koma na zauna a bencin gaba.

Sai murya ta ce, “Salama a gare ku. Mu gode wa Allah da ya ba mu jiki. Ku tashi tsaye.” Mata sama da talatin suka miƙe. Ni tun kalmar farko na gane muryarka ce, amma na miƙe tare da su. Ka ce su ɗaga hannuwa sama, suka ɗaga, wasu suka rufe ido, na ji ana amin daga baya. Ka ce su ja numfashi su riƙe, suka riƙe. Ka ce su sauke hannu su sake ɗagawa, suka yi, a zatonsu irin sabon salon masu wa'azin birni ne. Har da ka ce su sunkuya, ba wadda ta yi gardama, an saba sunkuyawa a gaban Ubangiji. Sai da ka ce kowa ya riƙe ƙugu ya juya hagu ya juya dama, ka fara ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan Nneka matar Chukwudi mai shagon kaset ta fashe da dariya. Daga nan majami'a ta rikice. Wata ta zauna a ƙasa tana share hawaye.

Na tashi zan kashe rakodar. A gaban yayar surukinka, Aaron. Na ce a raina maganar Rachel ta ƙare yau, kuma da hannuna. Sai Mama Hannah ta riƙe mini zani. Hannunta ɗaya yana sama har lokacin. Ta ce, “Saloma, bar yaron ya gama. Kafaɗar nan rabonta da ta kai nan tun kafin a haife shi.”

Haka muka bi ka har kaset ya ƙare, ni ma a ciki, domin ba zan zauna shugaba tana tsaye ba. Da muka gama ta sa aka yi addu'ar rufewa, ta ce jiki haikalin Ruhu ne, ba laifi a share haikali. Ban sani ba ko da gaske take ko rufa mini asiri ta yi.

Kada ka yi fahariya. Laifinka ne da ba ka rubuta suna ba. Kuma ga gyara. Kana sauri da yawa, tsofaffi ba su kamo ka. Ka manta cewa mace mai zani ba ta buɗe ƙafa ta yi tsalle. Kiɗan da ka sa a baya kuma bai dace da gidan mutunci ba.

Akwai abu ɗaya da na yi niyyar ba zan rubuta ba. Yadda kake ƙirga, kana jan uku kana datse huɗu, haka mahaifinka yake yi. Ban san ka ɗauka ba. Kana ɗan shekara shida kake laɓewa bayan shingen waya a bariki kana kallon sa. Washegari da safe, bayan na ba kaji hatsi, na sake sa kaset ɗin. Don in tabbatar da gyaran da zan rubuta maka ne.

Ubangiji ya kiyaye ka.

Mahaifiyarka,
Saloma.


Rikoto, Zuru,
9 ga Nuwamba, 2006.

Ɗana Aaron,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya mutanenka na Asabar? Na ji daɗin jin cewa azumi ya zo ya wuce ba ka nemi taimakon kowa ba, taron filin makaranta da igiya da takardar abinci sun riƙe ka. Ka ga amfanin jin magana. Hoton mai riga ya iso, ya fi.

Ga abin da ya faru a nan. Bayan ranar nan mata suka dame ni da aron kaset. Na ba Nneka na kwana biyu. Ranar kasuwa ina wucewa ta gaban shagon mijinta sai na ji muryarka a lasifika, ga kaset-kaset a jere a kan tebur an rubuta musu “Wa'azin Motsa Jiki”. Na shiga. Ban ɗaga murya ba, ka san ba na yi. Na tambayi Chukwudi ko zufarsa ce a ciki ko ta ɗana. Na tambaye shi abin da doka ta takwas ta ce game da sata. Ya fara cewa ai kowa haka yake yi, na ce ni ba kowa na haifa ba. Nneka ta fito ta tsaya a gefena, ta yi masa magana da harshensu, ban ji ba amma na ga fuskarsa.

Ba mugun mutum ba ne. Ya ba ni kujera, ya ce, “Mama Saja, a yi haƙuri, mu gyara.” Mun zauna a gaban Fasto aka rubuta yarjejeniya. Shi zai riƙa kwafa, ya buga bango da sunanka da hotonka, ya kai kasuwannin Ribah da Wasagu da Yauri, kuma duk wanda aka sayar kana da rabonka. Na sa ya cire kalmar wa'azi, ba a wasa da ita. Takardar tana cikin wannan ambulan, ka karanta da kyau kafin ka sa hannu, in akwai abin da bai yi maka ba ka faɗa. Shi ne ma ya kawo shawarar ka yi wasu biyu, ɗaya a hankali domin mata da tsofaffi, ɗaya mai zafi domin samarin da ke shirin zuwa ɗaukar soja. Ya ce a Zuru na biyun ba zai kwana a shago ba. Na yarda da shi. Kai ka san abin da ake nema a filin nan fiye da waɗanda suka wuce, sau uku ka gani da idonka. Amma ka gaya musu gaskiya a ciki, kaset ba ya ba mutum khaki, shiri kawai yake ba shi.

Yanzu duk Talata da Jumma'a da safe mata suna taruwa a bayan majami'a. Mun kai ashirin da shida. Tun da rakodar tawa ce, ni nake tsayawa a gaba. Ba shugabanci na nema ba. Matsalarsu surutu, sai a yi rabin kaset ana labarin farashin gyaɗa. Ranar Talatar da ta wuce abin ya ishe ni, na buɗe akwati na ciro usur ɗin mahaifinka. Hurawa ɗaya, har awakin Fasto suka tsaya. Na san abin da za ka ce, kada ka ce shi.

Na je asibiti awo, ma'aikaciyar ta ce jinin ya sauka, ta tambayi abin da na canja. Na ce mata ikon Allah ne. Da ta matsa, na ce akwai kuma wani kaset.

Dawa ta fara sunkuyar da kai. Har yanzu ban samo maka abokan golmo ba. Zan koma Kanya ƙarshen wata in gaya wa Baba Ɗanjuma gaskiyar yadda ake ciki, ba zan yi masa kwana-kwana ba.

Taka mahaifiya,
Saloma.


Rikoto, Zuru,
4 ga Disamba, 2006.

Ɗana ƙaunatacce Aaron,

Alheri da salama su tabbata a gare ka. Ina fata kana lafiya. Sababbin kaset ɗin sun iso, na saurari na matan tun daga farko har ƙarshe. Saurin ya yi daidai. Ka gode wa Allah da ya ba ka uwa mai faɗa.

Jiya bayan sujada muka je Kanya ni da Mama Hannah. Ban gayyace ta ba, a tasha na same ta da jakarta, ta ce za ta je ganin ƙanenta.

Rachel ce ta tare mu a ƙofa. Tana karɓar kayana ta raɗa mini cewa babanta yana da kaset ɗinka, gwaggonta ta aiko masa saboda ciwon baya, kuma kullum da safe yana zagayawa bayan rumbu da rediyonsa. Ta ce kada in nuna na sani. Ban nuna ba.

Na ajiye masa yarjejeniyar Chukwudi da takardar da ka aiko daga makarantar da ta ba ka fili. Na ba shi labarin yadda ka wuce azumi. Na gaya masa har maganar shayin, da yadda ka mayar, domin ya san wanda zai ba ɗiyarsa. Ya sa tabarau ya karanta komai. Ya ce aikin da yake shiga gidajen mutane ko mai shi yana wani gari, ba zai ce ba aiki ba ne. Ya ƙara da cewa ƙirgarka irin ta Dodo ce. Mama Hannah ta tambaye shi a ina ya ji ƙirgar. Ya ce a bakin mutane.

Sai na ce masa sharaɗi na biyu ya gagara, sa'o'inka duk suna bakin aiki, ba ka da kowa. Kafin ya buɗe baki Mama Hannah ta ce kana da mutum ashirin da shida. Da ya gane nufinta ya ce tun da aka kafa duwatsun Zuru ba a taɓa jin mata sun yi golmo ba. Ta ce masa, “Ɗanjuma, shekara bakwai da ka yi kana yanka, wa ya ɗauki dawar a ka ya kai rumbu? Kai ka ce ba a sayen golmo, sai masu ƙaunar mutum. To, ba wadda aka biya a cikinmu, kuma shi ya horar da mu.” Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Rachel ta kawo ruwa. Da ya huce ya ce ya yarda, amma yanka naka ne, kai za ka shiga gaba daga kunyar farko zuwa ta ƙarshe, shi da ƙannen Rachel za su bi ka, mata su ɗaure su kwashe. In rana ta faɗi dawa tana rumbu, a zo a yi maganar ranar aure.

An sa Asabar, sha shida ga wata. Ka gaya wa mutanenka na fili tun yanzu cewa ba ka nan ranar, ka rama musu wata rana, kada su zo su tarar da fili ba kowa. Ka taho da dogon wando da riga mai hannu, ƙaiƙayin dawa bai san mai ƙirji ba. Ɗaga ƙarfe dabam, sunkuyo a kunya tun safe dabam, saboda haka kada ka shigo gonar mutane da taƙama. Na ba maƙeri laujen mahaifinka ya wasa.

Takardarka ta koyarwa tana nan a akwati, ba zan ƙara yi maka maganarta ba. A watan Agusta na kira mutanen da kake horarwa masu tumbi. Yanzu ni ma ina cikinsu, kuma tumbin Mama Hannah bai fi nawa ba.

Mika ya ce in ba shi usur ɗin ya kawo maka. Na hana. Ba abin da ake aikawa a mota ba ne. Zan zo da shi gonar a wuyana, in tara maka matan, domin in ba da shi ba ba su jin kira. In sun yi layi a bakin kunya, sai ka sunkuyo in rataya maka. Daga nan kai za ka hura.

Matan zumunta suna gaishe ka. Rachel ba ta ce in gaishe ka ba, amma sau biyu ta tambaye ni ranar da motar Mika take tashi.

Ubangiji ya kawo ka lafiya.

Ni ce mahaifiyarka,
Saloma Dodo.